Na'urar Gaisuwa ta Bashmuhandis Midhat

Duk wanda ya ce garin Dumyat na ƙasar Masar ba shi da abin alfahari sai kujeru da cuku, to bai taɓa hawa benen masana'antar Alhaji Shihata ba. Can sama, a ɗaki na ƙarshe, Allah ya ajiye mana Bashmuhandis Midhat. Bashmuhandis, wato babban injiniya, kuma kada ka kuskura ka taƙaita. Mahaifiyarsa da ta haife shi ma, ranar da ta kira shi Midhat zalla a gaban baƙi, ya daɗe bai ci girkinta ba.

Ilimi kuwa ba a magana. A Alƙahira ya yi karatu, ya dawo da tabarau da jaka da wani irin gyaran murya da yake yi kafin ya buɗe baki, don jahilai su shirya. A ƙasa kafintoci suna shaƙar garin katako cikin zafi, shi kuma a ɗakinsa ne kaɗai ake da na'urar sanyaya iska a duk ginin. Kada ka ɗauki alhakinsa, ba don kansa aka sa ta ba. Don kwamfuta aka sa, shi yana taya ta zama ne kawai.

Kwamfutar wani baƙin akwati ce da ke gurnani a gefen teburinsa, kuma duk imel ɗin da zai shiga kamfanin ko ya fita sai ya bi ta cikinta. Da hannunsa ya haɗa ta. Sauran masu masana'antu a layin, marasa kishin kai, sun je sun yi rajista da irin imel ɗin nan na kowa da kowa, wanda ake buɗewa kafin shayi ya huce. Bashmuhandis ya fi ƙarfin haka. Ranar da aka kawo shawarar a gaban Alhaji Shihata, wanda kawunsa ne, sai ya miƙe tsaye ya gyara murya.

"Kawu, ka taɓa ganin an kai wa amarya kujerar roba? To wannan imel ɗin nasu kujerar roba ce. Irin ta mai sayar da kifi ita ce irin ta minista. Ba ka da ikon canza komai, yadda aka ba ka haka za ka zauna. Nawa kuwa sassaƙa ce. Kowace kusurwa ni na zana ta, babu ƙusa ɗaya da ban san dalilinta ba. Duk abin da zuciyarka ta raya maka, akwai saitinsa. Kuma ba kuɗin wata."

Mu mutanen Dumyat an san mu da riƙe aljihu. Duk dogon jawabin nan, kalmomin ƙarshe ne kawai suka shiga kunnen Alhaji. Nan take ya kafa doka cewa ba mai aika saƙon kamfani sai ta akwatin ɗan 'yar'uwarsa. Wutar da na'urar sanyi ke sha dare da rana kuwa, babu wanda ya tuna masa da ita.

Wadda ta fi kowa ɗanɗana wannan ni'ima ita ce Gada, 'yar Alhaji, wadda harkar ciniki da abokan hulɗa ke hannunta. Ta sayi sabuwar waya, ta hau sama da ita.

"Yaya Midhat, imel kawai nake so ya riƙa shigo mini nan."

"Bashmuhandis."

"Bashmuhandis Yaya Midhat."

Ya karɓi wayar da yatsu biyu. "Ta wace ƙofa kike so saƙo ya shigo? Da wane irin makulli? A bar kwafi a wurina ko a kwashe? In an bari, har zuwa yaushe? Saƙon da aka goge a binne shi ne ko a ajiye shi a gefe?"

"Ta ƙofar da ta fi kusa."

"Kin ji irin taku. Sauƙi, sauƙi, sauƙi. Sauƙi ne ya lalata ƙasar nan."

Wayar ta shiga ɗakinsa ana shan mangwaro, ta fito ana shan lemo. Duk lokacin da Gada ta leƙo sai ya ɗaga mata hannu ba tare da ya dube ta ba, ya ce saura ƙiris. Daga nan kafintoci suka raɗa masa suna Saura-Ƙiris, sunan ya bi layi har wurin mai shayi. Da wayar ta fito, tana karɓar saƙo amma ba ta aikawa. Bashmuhandis ya ce wannan ba matsala ba ce, tsaro ne.

Da a shekarar wadata ne, da sai a yi dariya a wuce. Amma shekarar ta zo da tsanani. Katako ya yi tsada, masu aure sun koma sayen gadon kanti, kujerun da aka sassaƙa suna jere a ɗakin nuni suna shan ƙura. Sai aka ji wani sabon otel a Gardaƙa, bakin Bahar Maliya, yana neman wanda zai yi masa gadaje da kabad na dukkan ɗakuna. Alhaji ya tara mutane ya faɗa musu ba ɓoye-ɓoye: in an samu aikin, kowa na da abin yi har baɗi, in ba a samu ba, zai rufe sashen sassaƙa, shugaban masassaƙa Usta Gabir da mutanensa su nemi wani wurin. Usta Gabir tun yana saurayi yake sassaƙa a gidan, yanzu gemunsa ya yi fari. Sharaɗin otel ɗin kuma a fili yake. Za a aika tayi ta imel, daga adireshin kamfani da aka yi rajista da shi, kafin azahar ɗin Alhamis.

A daidai wannan lokacin ne Bashmuhandis ya kammala babban aikin rayuwarsa. Mu nan ba a barin gaisuwa ta faɗi ƙasa. In ka ce wa mutum barka da safiya, zai ce safiyar haske. Ka ce safiyar fure, ya ce safiyar yasmin. Ka ce ta zuma, ya ce ta zuma da madara. Wanda ya fara yin shiru shi ne aka fi ladabi, kuma ba mai son ya zama shi. Bashmuhandis ya duba ya ga saƙonni suna shigowa da gaisuwa a kansu, suna kwana ba a amsa ba. Abin ya sosa masa rai. Sai ya zauna ya rubuta gaisuwa iri-iri, ya jera su daga ƙarama zuwa babba, ya koya wa akwatin cewa duk saƙon da ya zo da gaisuwa a mayar masa da wadda ta fi ta.

Nan ya ci karo da wani rashin tarbiyya. Ashe waɗanda suka ƙera manhajar sun sa mata iyaka: in ta amsa wa mutum da kanta sau ɗaya, ba ta ƙarawa sai an kwana biyu. A imel ɗin kujerar roba ba ka isa ka taɓa wannan iyakar ba. A nasa kuwa, alhamdu lillahi, akwai saitinsa. Ya shiga ya cire ta. Allon ya nuna jan rubutu yana tambaya ko ya tabbata.

"Ni za ki tambaya ko na tabbata?" Ya buga maɓallin har sai da kofin shayinsa ya motsa. "Mutanen da maƙwabcinsu zai mutu sai wari ya sanar da su, su ne za su koya mini sau nawa ake amsa gaisuwa?"

Da farko abin ya yi armashi. Wani dillalin katako a Iskandariya ya buga waya yana yabon tarbiyyar gidan Shihata, Alhaji ya ji daɗi har ya aika wa Bashmuhandis da kwalin mushabbak, zaƙin garinmu. Dillalin dai mutum ne, bayan amsa ta biyu ya gaji ya koma harkarsa.

Ranar Laraba da hantsi Gada ta hau sama da tayin a shirye: farashi, hotunan gadaje, zanen da Usta Gabir ya yi na kan gado mai reshen zaitun. Ta ce a aika yanzu a huta.

Bashmuhandis ya cire tabarau ya dube ta da tausayi. "Ke haka ake shiga gidan mutane, da kaya a ka, ba sallama? Yau gaisuwa, gobe tayi. Manyan kamfanoni haka suke yi."

"Wane babban kamfani ka taɓa yi wa aiki?"

Bai ji wannan ba. Aka kai magana gaban Alhaji, shi kuma da ya ji an ambaci ladabi sai ya goyi bayan ladabi. Bashmuhandis ya tsara wasiƙar gaisuwa mai cike da addu'a ga otel da masu shi da iyayensu, ya aika. Bai ɗauke yatsa daga maɓalli ba amsa ta shigo: "Barka da rana. Mun gode da tuntuɓarmu, saƙonku ya iso." Baƙin akwati ya ga barka, ya mayar da ranar haske. Amsa ta sake shigowa: "Barka da rana. Mun gode da tuntuɓarmu, saƙonku ya iso." Akwati ya mayar da ranar fure.

Zuciyar Bashmuhandis ta yi fari ƙal. Ya aika a kira Alhaji, tsoho ya hawo benen yana dafa gwiwa, Usta Gabir na biye da shi da kurfi a hannu. Fitilun akwatin suna ƙiftawa ba tsayawa, allon yana gudu.

"Kawu, dubi da idonka. Ko tayin ba su gani ba sun kamu. Ka ga, mun kai su zuma da madara. Ka ga nan, mun yi wa kakanninsu addu'a. Kuma ba su yi shiru ba! Wannan ita ake kira alaƙa. Wa zai samu irin wannan da kujerar roba?"

Usta Gabir ya leƙa allon ya daɗe yana kallo. "Bashmuhandis, shi wannan bawan Allah ba ya zagayawa banɗaki ne?"

"Baba, na'ura ce," in ji Gada. "Ba ka ga maganarta ɗaya ba ce tun ɗazu? Tasu tana amsa tamu, tamu tana amsa tasu. Yaya, kashe abin nan."

"Natsuwa ce irin ta manya. Babban mutum ba ya yawan canza magana." Bashmuhandis ya mayar da tabarau. "Kuma ko da na'urar ce, ni ne zan fara yin shiru? A je a ce an gai da gidan Shihata sun ƙi amsawa? Ba da ni ba. Su gaji su daina."

Alhaji ya dubi 'yarsa, ya dubi ɗan 'yar'uwarsa, ya dubi fitilu masu ƙiftawa. Abin da bai fahimta ba yakan ba shi tsoro, kuma Midhat ne ya yi karatu a Alƙahira. Ya ce Allah ya sa albarka, ya sauka. Da yamma Bashmuhandis ya kulle ɗakinsa ya tafi gida cikin farin ciki, ya bar akwatuna biyu suna gaisawa.

Alhamis da safe Gada ta riga shi zuwa, ya tarar da ita tsaye a bakin ƙofa. Bai yi sauri ba. Ya rataye kwat, ya goge tabarau, ya jira shayi, sannan ya karɓi tayin ya danna aikawa da bisimilla. Tayin bai tafi ba. Ya tsaya a layi, a gabansa akwai dubban gaisuwa da ke jiran fita, wasu kuma suna ƙaruwa. Gada ta tambayi dalilin da sababbin gaisuwa ke tsallake tayin suna wucewa gaba.

"Ni na tsara haka," ya ce, da ɗan alfahari har a lokacin. "Gaisuwa tana gaba da ciniki. Ko a wurin mai kifi haka ne."

"To warware."

"Saura ƙiris."

Ashe mutumin da ya san dalilin kowace ƙusa ya manta inda ya buga wannan. Ya buɗe taga a kan allon, a cikinta akwai wata taga, a cikin wannan akwai wasu. Shekara da shekaru yana ƙara doka a kan doka, kowacce ya raɗa mata sunan da shi kaɗai ya sani, yau kuma shi ma bai sani ba. Ya taɓa wani wuri, duk abokan cinikin kamfanin suka samu barka da Sallah a watan da ba Sallah. Ya taɓa wani, sunan Alhaji ya koma jan launi. Gumi ya keto masa a ɗakin da ya fi ko'ina sanyi a Dumyat. Gaisuwa kuwa tana ta fita, ta ƙure jerin da ya rubuta ta koma haɗa su biyu-biyu, ana yi wa otel fatan safiyar zuma mai kakanni na gari.

"Zare wayar wutar!" Gada ta yi kan soket.

Ya riga ta, ya tare wurin da hannuwa a buɗe. "Ba a kashe ta haka! Akwai matakai! Kin san me za ki rusa?"

Alhaji ya riga ya hawo, yana tsaye yana haki. A karo na farko ya daka wa ɗan 'yar'uwarsa tsawa, Midhat ya matsa. Aka zare, gurnani ya tsaya. Aka mayar, aka zauna jiran akwatin ya farka, ya duba kansa, ya duba makullansa, domin an saita shi kada ya yi gaggawa. Da ya farka sai ya ɗora daga inda ya tsaya, gaisuwa a gaba, tayi a baya. Bashmuhandis ya ce da ƙaramar murya shi ne ya koya masa kada ya manta komai.

Rana ta yi sama sosai lokacin da amsar otel ta daina zuwa. Saƙonnin da ke fita suka fara dawowa da ɗan gajeren rubutu cewa an ƙi karɓa. Gada ta buga wa ofishin sayayya na otel ɗin, ta buɗe muryar wayar kowa ya ji. Wani mutum ya ɗauka da muryar wanda ya gaji da duniya.

"Ku ne na Dumyat? Madam, don girman Allah me muka yi muku?"

"Yallaɓai, kuskure ne aka samu. Tayinmu a shirye yake, ka ba ni dama in turo ta wani adireshin."

"Tun jiya akwatinmu ya cika maƙil da zuma da madara. Tayin mutane da ƙyar muka tsamo su. An toshe adireshinku, kuma doka ta ce sai daga wanda aka yi rajista. Shugabanmu ya ce ko kyauta za ku yi gadajen ba ya so, wai masu irin wannan aikin gadonsu ma ba zai bar baƙo ya yi barci ba. Ku gaya wa mai gaisuwar mun amsa."

Ya kashe. Gada ta zauna a kan wani akwati ta rufe fuska da hannu. Daga masallacin layin aka ɗaga kiran azahar.

Da wani mutum ne, da ya nemi ƙasa ta tsage ya shige. Bashmuhandis ba wani mutum ba ne. Ya juya ga allon, ya gangara har ƙasa, ya duba saƙo na ƙarshe da ya samu shiga kafin a toshe. Fuskarsa ta ɗan saki. Ya gyara murya.

"Kawu, duk da haka akwai abin da tarihi zai rubuta. Duba nan. Su suka fara yin shiru. Gaisuwar ƙarshe tamu ce."

Alhaji Shihata ya dube shi. Ba fushi a idonsa, abin ya wuce fushi. Sannan ya ce, "Madalla. To sauka ka gaya wa Usta Gabir da mutanensa. Da bakinka. Gwiwata ba za ta iya ba."

Bashmuhandis ya saka kwat ɗinsa, ya kama hanya. A kan matakala ya tsara jawabin: zai fara da yanayin tattalin arzikin duniya, ya biyo ta ƙarancin wayewar ma'aikatan otel, ya rufe da cewa ta fuskar fasaha na'urar ta yi daidai abin da aka umarce ta. Har ya ji tausayin kansa, mutum mai irin wannan basira a cikin mutanen da ba su san darajarta ba.

Labari ya riga shi sauka. Injin yanka a kashe yake. Kan gadon nan mai reshen zaitun yana jingine da bango, an sassaƙa rabi. Usta Gabir yana zaune a kan benci yana goge kurfinsa ɗaya bayan ɗaya, yana naɗe su a tsumma. Sauran suna tattara nasu, wani yana neman igiyar ɗaure akwati. Bashmuhandis ya tsaya a matakala ta ƙarshe, inda kowa zai gan shi, ya gyara murya.

"Salamu alaikum, jama'a. Barkanku da rana."

Ba wanda ya ɗago. Ya ɗauka ba su ji ba, ya ƙara murya.

"Na ce barkanku da rana. Ranar haske. Ranar yasmin."

Usta Gabir ya ɗaure tsummansa, ya saka a hammata, ya raɓa ta gefensa ya fita. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Bashmuhandis ya tsaya a wurin cikin kwat, garin katako na sauka a kan takalminsa, yana jiran wani ya amsa.